Maƙera a Cikin Waya: Jari da Ribar Fara Sana'a a Kasuwar Wasan Intanet

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Yau kasuwa za mu ci, amma kasuwar da ba ta da rumfa ko ɗaya a doron ƙasa. Akwai maƙera a cikinta, akwai majema da dukawa, akwai 'yan sari da masu kiɗa farashi, har da mai karɓar haraji. Duk a cikin kwamfuta da wayar hannu suke.

Ga wanda bai saba da abin ba, akwai wasannin intanet da dubban mutane ke shiga lokaci guda, su tarar da juna a duniya ɗaya. Kowa da mutum-mutuminsa da yake juyawa. Wani ya tafi yaƙi da dodanni, wani ya tafi su, wani ya ɗauki gatari ya nufi daji, wani kuma ya ce shi sana'ar hannu zai koya, ya riƙa ƙera abin da sauran ke buƙata yana sayar musu da kuɗin wasan. Wannan na ƙarshen shi ne mutuminmu na yau. Nawa zai kashe kafin ya tsaya da ƙafarsa, kuma me zai samu?

Kada wani ya ce ai wasan yara ne. Kamfanin CCP na ƙasar Aisilan, mai wasan EVE Online, sai da ya ɗauki masanin tattalin arziki na jami'a, Dakta Eyjólfur Guðmundsson, aiki a 2007, don kawai ya riƙa lura da hauhawar farashi da yawan kuɗin da ke yawo a hannun 'yan wasa. Amma yawancin misalanmu daga RuneScape za mu ɗauko su, wasan da kamfanin Jagex na birnin Kambirij a Ingila ya fitar a 2001. A 2013 suka dawo da tsohon samfurinsa na 2007 da sunan Old School RuneScape, a 2018 kuma ya sauka a wayar hannu. Shi za mu shiga.

To ga sabon ɗan wasa nan, ya ce ƙira zai koya. Ya sayi guduma a kanti, sule ɗaya tak na kuɗin wasa. Ya je babbar kasuwar wasan da ake kira Grand Exchange, a birnin Varrock, ya sari sandunan baƙin ƙarfe. Uwar maƙera tana nan kusa, ba a biyan ko sisi kafin a yi aiki a kanta. Ya yi ta bugu, ya fara da 'yan wuƙaƙe, a hankali har hannunsa ya kai ga sulke. Sulke ɗaya yana cin sanda 5. Farashi kullum motsi yake, saboda haka mu ƙaddara lissafi kawai: a ce ya sayi kowace sanda a sule 200, ya zuba 1,000 ke nan a sulke guda. Ya ɗauko shi da murna ya kai kasuwa. Aka taya 300.

Ya ɗauka kuskure ne. Ya jira. Washegari ma haka.

Duk wanda ya tashi a gidan sana'a zai ce wannan kasuwa ta haukace. Mun san auduga ta fi araha a kan zare, zare ya fi araha a kan saƙi, saƙi ya fi araha a kan riga ɗinkakkiya. Duk hannun da kaya ya bi, sai ya ƙara masa daraja. A nan kuwa sau da yawa ɗanyen kaya ya fi wanda aka sarrafa tsada. Kuma wannan ba matsalar RuneScape kaɗai ba ce, masu wasan World of Warcraft ma sun daɗe suna kuka da ita.

Dalilin yana cikin bugun gudumar. Duk lokacin da ɗan wasa ya sarrafa sandar baƙin ƙarfe ɗaya, wasan yana ba shi maki 25 na gogewa. Waɗannan makin su ne ke ɗaga shi daga mataki zuwa mataki, kuma su ne abu ɗaya da ba a sayarwa a kasuwa, ba a ba da aro, ba a yin kyauta da shi. Sai ka buga da kanka. Saboda haka dubban mutanen da ke rububin sandunan ƙarfe ba sulke suke nema ba. Makin suke so. Kamar mai surfe ne: tsabar hatsin yake bi, dusa kuwa dole ce ta fito. To makin ne tsabar, sulken shi ne dusar. Kowa yana fitar da dusa buhu-buhu, kowa yana so ya rabu da ita ko nawa aka taya don ya koma ya sayi wani ƙarfen. Masu sayen ƙarfe sun yi yawa, ƙarfe ya hau. Masu sayar da sulke sun yi yawa, sulke ya zama kwantai.

Bari ku ji tsawon tafiyar. Matakin ƙoli a kowace sana'a a wasan shi ne 99, kuma yana buƙatar maki 13,034,431. Idan da baƙin ƙarfe kaɗai mutum zai yi, sai ya buge sanda sama da 520,000, alhali jakar da yake ratayawa gurbi 28 ne da ita, sai ya yi ta safa da marwa tsakanin ma'ajiya da maƙera. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, ranar da ka kai mataki na 92, kana ganin saura ƙiris, ranar ce ka yi rabin tafiya. Makin da ke tsakanin 92 da 99 kusan daidai yake da duk wanda ka tara daga 1 zuwa 92.

Shi ya sa in ka zauna da tsofaffin 'yan wasan ba za ka ji suna tambayar ribar sulke ba. Tambayarsu ita ce, maki ɗaya nawa yake kamawa? Sun riga sun karɓi hasarar a matsayin kuɗin makaranta. Abin da suke aunawa shi ne wace hanya ce ta fi sauƙin kuɗi, wace ce ta fi sauri, domin da wuya ka sami hanyar da ta haɗa biyun.

Ga misali. A birnin wadanni na ƙarƙashin ƙasa, Keldagrim, akwai wani ƙaton tanderun narka ƙarfe. Mai narka zinariya a can, in yana sanye da wata safar hannu ta musamman, yana samun maki 56 da ɗoriya a kowace sanda maimakon 22 da rabi, kuma aikin yana gudu kamar ruwa. Yana cikin hanyoyin da suka fi sauri. Amma ɗanyar zinariyar ta fi narkakkiyar tsada, don haka kowace sa'a aljihunka raguwa yake. A ɗaya gefen kuma ga harsashin igwa. Sandar ƙarfe mai ƙwari guda ɗaya tana ba da harsashi 4, kuma an daɗe ana samun 'yar riba a kansa. Sai dai aikin nawa gare shi, jaka ɗaya takan ci kusan minti 3 kana zaune kana kallo, makin kuma kaɗan ne. Masu kuɗi ba su da wannan haƙurin, sai suka bar wa talaka. Ribar da ke ciki ladan zaman ne. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, a nan kuwa wanda ya ci riba ya ci zama.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan abin da sabon mai sana'a ke kashewa da abin da yake samu a kasuwannin wasannin intanet.

Mu dawo kan jari. Kayan aiki ba su ne matsala ba. Guduma, allura, zare, mazubin zobe, duk 'yan sulalla ne. Majemin da ke garin Al Kharid, garin hamada na cikin wasan, sule 1 yake karɓa ya jeme maka fatar saniya mai laushi, 3 in mai tauri kake so. Wannan araha ita ce ke yaudarar sabon shiga, ya ga kamar da hannu biyu ma za a fara. Inda kuɗi ke zurarewa daban ne.

Akwai ɓarnar koyo. Mai narka tama a tanderu na yau da kullum, rabin abin da ya zuba ne ke zama ƙarfe, rabi ya lalace, sai fa in ya sayi wani zobe da ke hana hakan, shi ma zoben yana ƙarewa. Ƙarfe mai ƙwari yana cin kwal 2 a kowace sanda, na gaba da shi 4, na gaba 6, na ƙoli 8. Kana hawa, cefanen yana hawa. Sannan akwai haraji: tun Disamba 2021 Jagex ta sa kashi 1 cikin 100 a kan abin da aka sayar a babbar kasuwa, a 2025 ta mayar da shi kashi 2. A World of Warcraft gidan gwanjo kashi 5 yake yanka, ban da kuɗin ajiya da kake rasawa in kayanka ba su shiga ba. Wanda ribarsa dama kashi 3 ce ko 4, ya san abin da wannan ke nufi. Akwai kuma ƙa'idar saye: kowane kaya yana da iyakar adadin da mutum ɗaya zai iya saya cikin sa'a 4, ko da kuɗinsa sun kai na Ƙaruna.

Sai kuɗin gaske. Yawancin sana'o'in da ke da maiƙo, irin su haɗa magunguna da yin baka da kibiya, har da harsashin igwar da muka ambata, a rufe suke ga wanda bai biya kuɗin zama mamba ba. Ana iya biya da kuɗin duniya, ana kuma iya sayen wata takarda a cikin wasan da kuɗin wasa, ta ba ka kwana 14. Da yawa daga sababbin shiga sukan faɗa wani tarko a nan: su shafe kwana 14 ɗin suna wahalar tara kuɗin takarda ta gaba, wasan ya koma aikin biyan haya. Ga mai sauraronmu kuma sai ya ƙara kuɗin data da na cajin waya, waɗanda ba sa fitowa a lissafin kowane ɗan wasa na Turai.

Amma jarin da ya fi kowane girma, wanda kuma aka fi mantawa da shi, shi ne lokaci. A EVE Online akwai wata magana da ta zama abin zolaya, ana jingina ta ga sabon mai masana'anta. Za ka ji ya ce, ai ma'adinan da na haƙo da hannuna kyauta ne. Wato tunda bai saya ba, bai kashe komai ba, don haka ko nawa ya sayar da jirgin sararin samaniyar da ya ƙera riba ce. Tsofaffin hannu sai su yi murmushi. In ma'adinan da ka haƙo za su yi miliyan 10 a Jita, babbar kasuwar wasan, ka narka su ka ƙera jirgi ka sayar miliyan 9, ai miliyan 1 ka biya don a bar ka ka yi wahala. Manomin da ya ce masarar rumbunsa kyauta ce, ya dafa ta ya sayar ƙasa da kuɗin ɗanya, kowa a ƙauye ya san sunansa. Kuma irin waɗannan 'yan wasan ba kansu kaɗai suke cuta ba, su ne ke karya farashi har mai lissafi ya rasa inda zai tsaya.

A EVE ɗin ma akwai wani shingen. Kowane jirgi da zanen ƙirarsa, kuma ana iya ɗaukar lokaci ana bincike a kan zanen har a rage kayan da yake ci da kashi 10 cikin 100. Wanda ya shekara goma a harkar ya gama wannan tuni, yana da nasa wurin ƙira, yana sayen ma'adinai a sari. Farashin da shi yake cin riba a kai, kai sabo faɗuwa kake yi a kansa. Kasuwar ba ta san kai ɗan koyo ba ne.

To ina ribar take? Domin akwai ta, kuma akwai waɗanda suka yi arzikin wasa da sana'ar hannu.

Ni a ganina abin da ya kamata sabon shiga ya fara tambaya shi ne, wannan kayan yana ƙarewa? Sulke ba ya ƙarewa. Wanda ya saya sau ɗaya ya gama, in ya sami wanda ya fi shi ma sai ya dawo da tsohon kasuwa, ya zama kishiyar naka. Harsashin igwa kuwa in an harba ya tafi. Maganin ƙara ƙarfi in an sha ya tafi. Gasasshen kifi in an ci ya tafi. Tsirkiyar baka, wadda ake kaɗawa daga wani tsiro mai kama da rama tun daga mataki na 10, masu koyon yin baka suna haɗiye ta dubbai, ga shi su ma sauri suke, ba za su zauna kaɗi ba. Mai sayar da ƙosai yana ganin abokin cinikinsa kowace safiya, mai sayar da turmi sai bayan shekaru.

Nan ne EVE ta sha bamban, domin a can jirgi in an harbe shi ya tafi har abada. A Janairu 2014 aka yi wani yaƙi a yankin da ake kira B-R5RB, wanda ya samo asali daga kuɗin hayar yanki da wata ƙungiya ba ta biya a kan lokaci ba. An shafe kusan sa'a 21 ana gwabzawa, manyan jiragen da ake kira Titan guda 75 suka ƙone, aka ƙiyasta hasarar da kimanin dala 300,000 in an juya ta kuɗin duniya. Mayaƙa suna jaje, masu haƙar ma'adinai da masu ƙira suna gyara zama, don duk abin da ya ƙone sai an sake ƙera shi. Jagex ma ta gane wannan. Wani kaso na harajin da take karɓa, da shi take sayen wasu manyan kayayyaki daga kasuwa ta shafe su, don kada su taru su zube.

Riba tana kuma bayan ƙofar da ba kowa ya shiga ba: abin da sai ka gama wani dogon aiki, ko ka kai wani mataki, ko ka mallaki wani zane mai wuyar samu. Amma a yi hattara, hawa ƙoli ba ya nufin an isa. Sulken rune, wato na ƙarfen ƙoli, a Old School RuneScape sai mai mataki 99 cif yake iya ƙera shi. Za ka zaci wanda ya kai nan ya warke. Ina! Dodanni suna zubar da irin wannan sulken in an kashe su, ga shi mayaƙa sun daɗe da wuce shi zuwa waɗanda suka fi shi. Abin da ke riƙe da farashinsa wani sihiri ne na cikin wasan da ke mayar da kaya kuɗi, yana ba da kashi 60 cikin 100 na ƙimar da aka rubuta wa kayan. Ga wannan sulken, sule 39,000 ke nan, kuma farashinsa a kasuwa a nan kusa yake kewayawa. Wannan sihirin shi ne mai saye na ƙarshe da ba ya ƙin kaya, kuma mai hankali yakan duba nawa zai ba shi kafin ya hura wuta.

Saboda duk wannan ne shawarar da tsofaffin 'yan World of Warcraft suka daɗe suna ba sabon shiga ba ta sauya ba. Wasan yana ba ka damar manyan sana'o'i biyu. Suka ce ka fara da na tarawa, haƙar ma'adinai, ko tsinkar ganyaye, ko fiɗa, ka sayar wa masu gaggawar koyo, ka tara jari, sannan ka shiga ƙira da ƙarfinka. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Akwai mutanen da suka tabbatar da wannan ba da wasa ba. Lokacin da kuɗin Benezuwela ya lalace, wajen 2017 zuwa 2019, mutane da yawa a ƙasar suka koma Old School RuneScape suna tara kuɗin wasa suna sayarwa da dala, don abin da suke samu ya fi albashin wata. Ku lura da abin da aka fi saninsu da shi: kashe korayen dodanni don fata da ƙashi. Ɗanyen kaya ke nan, wanda masu neman maki ke saye. Wanda abincin gidansa ya dogara da wasan bai tsaya koyon ƙira ba. Da wutar lantarki ta ɗauke a yawancin ƙasar a Maris 2019, sai da aka ji a farashin wasu kayayyaki a babbar kasuwar wasan. Sai dai in faɗa muku a fili, sayar da kuɗin wasa da kuɗin duniya ya saɓa wa dokar Jagex, kuma suna rufe asusun wanda suka kama, da duk abin da ya shekara yana tarawa. Ga 'yan damfara a hanyar, ba ka da wurin kai ƙara. Matashin da ke saurarona yana lissafin ya sami hanyar neman kuɗi, ya sa wannan a lissafinsa.

Wasu kuma suka ce su kasuwar ce ma ba sa so. Tun 2014 akwai tsarin da ɗan wasa zai zaɓa, a rufe masa saye da sayarwa da sauran 'yan wasa. A wurin irin wannan, kibiyar da ya feƙe ita zai harba, maganin da ya haɗa shi zai sha, kuma ba mai taya masa 300. Sana'a takan dawo da darajarta a hannunsa, amma komai sai ya ninka lokaci.

Kafin lokaci ya cim mana, ga wata 'yar hanya da masu koyon ƙira a wasan ke gadar wa juna. A birnin Falador akwai yaron wani barde da ya ɓatar da takobin maigidansa, yana neman wanda zai taimake shi a ƙera wani kafin asiri ya tonu. Mai iya ƙera irinsa saura mutum ɗaya, wani wada mai suna Thurgo da ke zaune a bakin teku, wanda ba ya sauraron kowa sai an kai masa wani gasasshen abinci da ake cusa wa jajayen 'ya'yan itace. Ka kai masa, ka samo sandar ƙarfe 2 da wani ma'adini daga kogon ƙanƙara, shi ke nan. Ladan wannan aike maki 12,725 ne, wanda ke ɗaga mutum daga mataki na 1 zuwa na 29 a tashi ɗaya. Aikin sandar baƙin ƙarfe sama da 500 ke nan, ba ka saya ba, ba ka yi kwantai ba.

In kuma Allah ya ja kwana, ka buge sauran maki miliyan 13 ɗin, ka kai 99, wurin wannan wadan dai za ka koma. Shi ke ba da alkyabbar da ke nuna ka zama sarkin maƙera. Ba kyauta yake bayarwa ba. Sule 99,000 zai ce ka ajiye.

Masu sauraro, agogo ya ce mu tsaya nan. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)